Ɗigon Jini a Ƙwan Baba Tela

Matar yayana ta yi shekara goma sha tara tana zaune a ɗaki mai duhu tana leƙen cikin ƙwai. Aikinta ke nan, har albashi ake ba ta. Ni kuma ni ke tuƙa motar ƙungiyar da take yi wa aiki, ƙungiyar masu kiwon kaji. A can Mai Fitila ake ce mata. Ni Matar Yaya nake ce mata idan ina neman wani abu a wurinta, idan ta hana ni in ce tsohuwa. Ita kuwa tun da aka kawo ta gidanmu, ina ɗan shekara goma sha ɗaya, ta laƙaba mini Aku, wai bakina ba ya hutu. Yau ina da furfura da jikoki biyu, amma Akun nan bai sake ni ba.

Wanda bai taɓa kiwon kaza ba gani yake ƙwai ƙwai ne, a ɗauka a sayar. Kafin a kafa ƙungiya kowa shi ke ɗaukar kiret ɗinsa ya je bakin titi ya jira dillali. Dillali ya san ƙwai ba ya jiran kowa. Zai zo ya tsaya yana sakace, ya yi maka tayin wulaƙanci, ya ce in ba ka sallama ba gobe ma yana nan. Kai kuma kana kallo rana na dafa maka kaya. Da abin ya ishe su sai mutum arba'in da 'yan kai suka haɗu suka kama wani tsohon sito. Litinin da Alhamis kowa ya kawo nasa, a tantance, a ware manya da ƙanana, a buga wa kowane ƙwai lambar mai shi da ranar da aka kawo shi. Sakatare ya hau waya ya nemo masu sayen sari: otal biyu, gidajen burodi, wata makarantar kwana, da kicin ɗin wani asibiti. Waɗannan ba sa buɗe kiret su duba. Hatiminmu suke gani su sa hannu, in sauke musu kaya in wuce. Sun san duk ƙwan da ya fito daga sitonmu ya bi ta gaban idon Mai Fitila.

Ɗakinta na can ƙuryar sito. An toshe tagar da kwali, an rufa baƙin ƙyalle a ƙofa. A kan tebur akwai akwatin katako mai fitila a ciki, an huda masa rami ɗaya. Za ta ɗauki ƙwai biyu a kowane hannu, ta kara ɗaya a ramin, ta juya shi, haske ya ratsa shi ya koma ja kamar garwashi. A nan take ganin tsagar da ido bai gani a fili, da ɗigon jini, da wanda ɗan tsako ya fara zama a ciki. Har kwanan ƙwai take faɗa, daga girman iskar da ta taru a kansa. Wani ya taɓa rantsewa jiya kajinsa suka saka, ta ce masa, "Kwana tara, kuma a ɗaki mai zafi ka ajiye." Shugaban ƙungiya da kansa ta taɓa fitar masa da rabin kiret. Ya leƙo yana gyaran murya, wai ko ta manta lambar wa take dubawa. Ta ce, "Shugaba, kai muka zaɓa, ba mu zaɓi kajinka ba."

Dokoki biyu ne suka sa ake tsoron ɗakin nan. Ta farko, ƙwan da ta fitar ba ya komawa hannun mai shi. A duro ake zubawa, a markaɗe, masu kiwon kifi su kwashe. An yi haka ne tun da wani ya kwashi nasa ruɓaɓɓu ya kai kasuwa yana cewa na ƙungiya ne. Ta biyu, duk wanda aka fitar masa da fiye da ɗaya cikin goma mako uku a jere, a taron ƙarshen wata za a cire hatimin da ake buga lambarsa da shi daga ƙusa. Hatiman suna rataye ne a jikin wani allo, kowa da ƙusarsa. Wanda ƙusarsa ta zama fanko ya koma bakin titi ke nan.

Ba don sha'awa ta shiga aikin ba. Yayana makaniki ne, mota ta zame daga kan jak ta danne masa ƙugu, tun daga nan tafiyarsa daga ɗaki zuwa zaure ce. Ita ta riƙe gidan, ta aurar da biyu, uku na makaranta. Mahaifiyarta kuma na sani. Tana kusan shekarun da Matar Yaya take yanzu idonta ya rufe, ta yi shekara goma sha biyu ana jan ta da sanda zuwa bayan gida. A gidanmu ba a tayar da wannan zance.

To, ga Baba Tela, mai lamba goma sha huɗu. Tsoho ne da baya ya hana shi hawa keken ɗinki, ya sayar da shagon ya sayi kaji. Duk ƙungiya shi kaɗai ke da masu farin ƙwai, na sauran mutane ja ne. Mutum ne mai tsabta har ta yi yawa. Kowane ƙwai sai ya goge shi da guntun yadi kafin ya sa a kiret, kuma jerensa kamar da awo. Masu otal in sun ga fararen nan har kira suke yi a ƙaro.

Wata Litinin ina sauke kiret sai na ji muryarta daga cikin duhu tana cewa, "Jini. Jini. Wannan ma jini." Fiye da rabin ƙwan Baba Tela ya tafi duro. Alhamis haka. Mako na biyu haka.

Tsohon nan babu abin da bai yi ba. Ya kira likitan dabbobi, likita ya duba ya ce kaji lafiya lau. Ya canza abinci. Wani ya ce masa firgita ke sa kaza ta yi ƙwai mai jini, sai ya kashe rediyonsa, ya kori kyanwar maƙwabta, ya koma shiga akurki ba takalmi yana sanɗa kamar ɓarawo a gidansa. Na tsokane shi na ce saura ya riƙa yi musu sallama. Bai yi dariya ba. Rannan ya zo da kwano, ya fasa ƙwai shida a gida, ga su tas.

"'Yata, dubi nan," in ji shi. "Ina jinin?"

"Baba, waɗannan kai ka zaɓa. Ni abin da fitila ta nuna mini nake faɗa."

Babu wanda ya bi bayansa. Shekara goma sha tara ba a taɓa dawo mana da kaya ba, wa zai ƙaryata ta saboda kwano? Ya koma gida ya ware tsofaffin kajinsa talatin, waɗanda yake zargi, ya yanka. Mako na uku ya kawo na sauran. Suka sake tafiya duro. Sakatare ya rubuta lamba goma sha huɗu a takardar taron ranar Asabar.

Alhamis ɗin nan na sa farar riga, don zan je a ɗauke ni hoton sabunta lasin tuƙi. Da azahar ta fito daga ɗakinta tana ƙifta ido, ta dube ni.

"Aku, da wannan rigar za ka je gaban mutane? Dubi jini a ƙirjinka."

"Wane jini? Ko kishi kike yi, kin ga mijinki ƙarami ya fito fes?"

"Ga shi nan." Ta kai yatsa ta murza yadin. Ta sake murzawa. Sai na ga yatsan ya matsa zuwa kafaɗata, yana bin wani abu da ni ban gani ba. Daga kafaɗa ya sauka jikin motar, wadda ita ma fara ce. A nan hannun ya tsaya.

Na buɗe baki zan yi wata tsokanar, na ga fuskarta, na rufe.

Ta ja hannun rigata zuwa ɗakin, ta saki labulen. Ƙwan Baba Tela da ta fitar ranar yana gefen hagu, ba a kai duro ba tukuna. Ta ɗauki ƙwai ta kara a fitila.

"Me ka gani?"

"Ƙwai."

"Ba wasa nake yi ba."

"Wallahi ƙwai na gani, Matar Yaya. Ga inuwar gwaiduwa, shi ke nan."

Ta fasa shi a farin kofin shayinta, ta ɗage labule haske ya shigo. Gwaiduwa ce zalla tana sheƙi. Ta daɗe tana kallon cikin kofin. Sannan ta rufe idon hagu da tafin hannu. Ta buɗe, ta rufe na dama. Ta sake. Ina jin numfashinta.

"Ɗigon yana nan," ta ce. "In na juya ido sai ya bi ni. Har wutsiya gare shi."

Daga baya muka gane yadda abin ya kasance. Jan ƙwai in an haska shi duhu-duhu yake yi, ɗigon sai ya ɓace a ciki. Fari kuwa haske yake bayarwa tar, ɗigon ya fito ya zauna a tsakiya. Kuma duk ƙungiya mutum ɗaya ne mai farin ƙwai.

Ta zauna a kan kujerarta, kofin ya karkace har ƙwan na zuba a zaninta. Ban taɓa ganin matar nan ta ji tsoro ba. Ranar da aka shigo da Yaya a kan katako ita ta riƙa ba mu umarni.

"Haka na Inna ya fara," ta ce. "Ta ce ƙuda ke binta. Muka riƙa yi mata fifita."

"Mu je asibiti yanzu. Lasin ya jira."

"A asibitin da muke kai wa ƙwai? Kafin la'asar mai kicin ya ji cewa mai duba musu kaya ba ta gani." Ta kama hannuna, yatsunta sanyi ƙalau. "Aku, ka rantse ba za ka faɗa wa kowa ba. Ko yayanka. In suka karɓe fitilar nan, me zan kai gida?"

Na rantse. A duk ƙungiyar nan, a rasa wanda za a ba ajiyar magana sai ni.

Ranar Juma'a na yi rabon kaya kamar wanda aka ɗinke wa baki. Mai gidan burodi ya tambaye ni ko haƙori ke damuna. Duk kiret ɗin da na sauke sai in yi tunanin idon da ya ga jinin da babu, me kuma ya bari ya wuce? A kicin ɗin asibiti na tsaya ina kallon mai dafuwa tana fasa ƙwai a babban kwano, ɗaya bayan ɗaya, kowanne ina jira ta ɗago ta kira ni. Ba ta ɗago ba. A hanyar dawowa na bi ta layin su Baba Tela. Wani dillali na tsaye a ƙofar gidansa, ya jingina da babur. Ko taron ba a yi ba, labari ya riga ya kai musu.

Da yamma na biya gidan Yaya. Yana zaure yana gyara wa wani kwaɗon ƙofa. Ita tana tsakar gida tana tsintar shinkafa a faranti, na ga tana ta ɗaukar abu tana yarwa, kuma babu komai a yatsunta. Na tsuguna kusa da ita.

"Na yi dabara," ta ce a hankali. "In na rufe na hagu, na dama garau yake. A cikin duhu wa zai san da ido nawa nake aiki? Daga Litinin ƙwan Baba Tela zai riƙa wucewa."

"Litinin ba shi da hatimi. Gobe ne taro."

"Zan roƙa a ƙara masa wata ɗaya. Maganata ba ta faɗuwa a wurin nan."

"In sun ƙi fa?"

Ta ci gaba da tsintar abin da babu.

Asabar da hantsi aka jera benci a rumfar gaban sito, aka fito da allon hatimai aka jingina. Baba Tela ya zo da riga mai guga, ya zauna a gaba, hannuwansa a kan gwiwa. Ni ina baya. Sakatare ya karanta abin da otal suka ce, da maganar sabon mai saye da ke son ƙananan ƙwai. Sannan ya ce, "Lamba goma sha huɗu. Mako uku."

Matar Yaya ta miƙe. Ta ce Baba tsoho ne, bai taɓa kawo matsala ba, a yi masa uzuri na wata ɗaya.

Shugaba ya yi murmushi. "Mai Fitila, yau ke ce da uzuri? Bara da aka cire na mai lamba shida, matarsa har ƙasa ta durƙusa miki. Me kika ce? Kika ce in aka ɗaga wa ɗaya ƙafa, hatimin ya zama kwalliya."

Wasu suka ce haka ne. Mai lamba shidan ƙanin wata mata ne a cikin taron, ita ta fi kowa ɗaga murya. Shugaba ya tashi ya nufi allon. Na dubi Matar Yaya, tana tsaye ta dafe benci, leɓenta na motsi ba sauti. Na tuna rantsuwar da na yi mata. Ban san ko zan iya riƙe ta ba in hannunsa ya kai ƙusar, har yau ban sani ba.

"Shugaba, dakata." Muryarta ta fito siririya, ba irin wadda muka sani ba. "Aku, shiga ɗakina. A ƙarƙashin tebur akwai kiret. Ka haɗo da babban faranti."

Na kawo. Na ranar Alhamis ne, ta ɓoye shi bai je duro ba. Ta ce wa Sakatare ya fasa da hannunsa. Ya fasa na farko, tas. Na biyu, tas. Mutane suka taso suka kewaye farantin. Babu abin da ake ji sai ƙas, ƙas, da kukan kajin wani gida can nesa. Ya kai na talatin. Gwaiduwa talatin suna kwance, ko ɗigo babu.

"Duk waɗannan ni na fitar da su," in ji ta. "Kuma yanzu haka da nake kallon farantin nan ina ganin jini a ciki. A idona yake. Kajin Baba lafiyarsu ƙalau, tun farko lafiyarsu ƙalau."

Sai kowa ya fara magana a lokaci guda. Wani na tambaya tun yaushe. Wata na cewa to nata da aka fitar watan jiya fa? Sakatare ya yi zuru, hannunsa duk ƙwai, ya ce in makarantar kwana ta ji wannan labari mun shiga uku. Shugaba ya buga benci ya ce maganar nan kada ta fita rumfar nan, ya kuma dube ni musamman. Na ce masa kwana biyu na riƙe ta, ya tambayi mai gidan burodi.

Baba Tela bai tashi daga inda yake ba. Sai da hayaniya ta lafa ya ce, "Talatin na yanka. Akwai wadda tun tana tsako a aljihuna nake ɗumama ta."

Ta je gabansa ta durƙusa. "Baba, ka yafe mini."

Ya dube ta, ya dubi farantin. "Yaushe kika sani?"

"Shekaranjiya."

"Shekaranjiya," ya maimaita. Ya tashi, ya kakkaɓe rigarsa, ya je ya taɓa hatiminsa a ƙusa kamar mai tabbatarwa, ya fita.

A wurin aka karɓi mabuɗin ɗakin. Ita ta ciro shi daga bakin zaninta ta miƙa, ba a kai ga tambaya ba. Aka ba wata daga cikin mambobi fitilar, aka ce Matar Yaya ta zauna kusa da ita mako biyu tana faɗa mata abin da za ta nema. Sannan aka mayar da ita teburin buga lamba, aikin da ko da ido rufe ana yi, albashinsa kuma rabi.

Yaya a bakinta ya ji labarin, ina tsaye. Ya ce, "Aku, gobe ka zo da mota."

Likitan ido ya ɗiga mata magani, ya haska cikin idon da 'yar fitila yana cewa ta dubi sama, ta dubi gefe. Ya ce ciwon suga ne ya daɗe a jikinta ba ta sani ba, wata ƙaramar jijiya ta fashe a bayan idon ta zubar da jini. Ta ce, "To ashe jinin dai na gani." Likita bai gane ba, ni kuma dariyar ta ƙi fitowa. Ya ce na hagu za a yi ƙoƙari a tsayar da shi inda yake. Na dama kuwa a sa masa ido, duk ranar da ta ga wani abu na yawo a cikinsa, kada ta jira gobe.

Wata bakwai ke nan. Masu saye ba su ji komai ba, ba a kuma dawo mana da ko kiret ɗaya ba. Baba Tela ya sayi wasu 'yan tsaki, mambobi suka taimaka masa da abincinsu. Yana gaishe ta, amma kalma ɗaya, kuma 'yata ɗin nan ba ta ƙara fitowa daga bakinsa ba.

Ni ke ɗaukar ta yanzu duk safiya, don likita ya hana ta tsallaka titi ita kaɗai. Kafin ta shiga mota sai ta tsaya a ƙofar gida, ta rufe idon hagu da tafin hannu, ta kalli farin bangon maƙwabta da na dama. Ni kuma in kashe inji in yi shiru har ta sauke hannun. Ta ce, "Yau babu," mu tafi.

Jiya ta daɗe ba ta sauke ba. Ta juya kai hagu, ta juya dama, ta sake tsayawa. Sannan ta buɗe ƙofa ta zauna, ta ɗora jakarta a cinya ta riƙe da hannu biyu.

"Ƙuda ne ya gifta," ta ce.

"Na gan shi," na ce. "Ƙato, har da ɗan rakiya."

Ban ga ƙuda ba. Da muka kai mararraba na bar hanyar sito na kama hanyar asibiti, ita kuma ba ta tambaye ni ina za mu ba.